Kusancin Gida da Makarantar Cata a Amurka Ba Ya Tabbatar da Gurbi

Iyalai da dama da ke neman gida a Amurka suna zaton cewa idan suka kama haya kusa da makarantar cata (charter school) mai suna, 'ya'yansu sun sami gurbi ke nan. Wannan kuskure ne mai tsada. Makarantun gwamnati na gunduma su ne ke karɓar yaro bisa adireshin gidansu, shi ya sa kuɗin gidaje yakan hau a unguwar da makarantarta ta yi fice. Makarantar cata kuwa, wadda jihar Minnesota ta fara yi wa doka a 1991, gwamnati ce ke ba ta kuɗi, ba a biyan kuɗin karatu, amma hukuma mai zaman kanta ce ke gudanar da ita bisa yarjejeniya, kuma idan masu nema suka fi kujeru yawa, ƙuri'a ake jefawa. Yaron da ke maƙwabtaka da ita yana iya rasawa, na nesa ya samu. Saboda haka a fara tantance makarantar gundumar da adireshin ya faɗa cikinta, sannan a tambayi makarantar catar ko tana da motar ɗaukar ɗalibai, domin ba duka ke da ita ba.