A biya kafin a rusa

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Kun ga hoton jan fentin da aka shafa a bangon gidan Gwaggo, alamar za a rusa don gina magudanar ruwa, kun kuma ga abin da wani ya rubuta a ƙasa, wai mu ne masu hana ruwa gudu, wai talakan Kano ba ya son ci gaba.

Bawan Allah, ka taɓa kwana a gidan nan a watan Agusta? Duk damina sai an ɗora gadon Gwaggo a kan bulo, ƙarfe biyun dare jikokinta na kwalfe ruwa da bokiti. Babu wanda ya fi ta son a gina magudanar nan. Abin da ta tambaye ni ɗaya ne: "Ɗan nan, wannan jan da suka shafa, iya zaure zai ci ko har ɗakina?" Na rasa abin da zan ce mata. Samari uku ne suka zo da tef da gwangwanin fenti, suka ce daga sama aka turo su, suka shiga mota. Tsohuwa ta haura shekara 30 a gida, amma ba a ga ta isa a yi mata sallama a gaya mata ba.

Maganata ɗaya ce, zan kuma yi ta nanata ta: a biya mutane kafin a rusa.

Kuɗin aikin nan rance ne daga bankin raya ƙasashe, da dala za a biya, dalar da take kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Jikokin nan masu kwalfe ruwa su za su biya. Su kansu bankunan sun rubuta sharuɗɗa. Bankin Duniya yana da ƙa'idoji 10 da suka fara aiki a watan Oktoban 2018, ta biyar ɗin kacokan a kan karɓar filaye da tayar da mutane take. Ta ce a biya diyya kafin a karɓi wuri. Ta ce a biya abin da zai sake gina irin gidan a farashin yau, ba tare da an zabtare wani abu don ginin ya tsufa ba. Ta ce wanda ba shi da takardar mallaka shi ma a taimaka masa ya sami matsuguni, wanda sana'arsa ta tsaya a duba shi. Bankin Raya Afirka ma yana da makamancin haka. Duk wanda ya sa hannu ya karɓi kuɗin ya amince da wannan. To wa ya taɓa karanta wa mutanen unguwa shi da Hausa?

Wasu sun ce ai awon igiya ne, ba su da takarda. Ku bar wannan zancen. Unguwanni nawa ne a Kano ba awon igiya ba? Takardar ciniki ce a hannunsu da sa hannun mai unguwa, kuma sharaɗin bankin bai ware su ba. Wani ya kawo mini dokar filaye ta 1978, wai ƙasa a hannun gwamna take. Na sani. Amana dokar ta ce yake riƙe da ita, kuma diyyarta ta tsaya a kan gini da shuka ne, sharaɗin bankunan kuwa ya ƙara a kan haka.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai cewa an yi taron masu ruwa da tsaki. A ina? A otal, da Turanci, da katin gayyata. Gwaggo ba ta je ba. Telan da ke haya a shagon ƙofar gida bai je ba, shi da aka auna shagon aka rubuta sunan mai gida aka tsallake shi, alhali kekunansa uku da yara biyar masu koyo duk a nan suke ci. Mai ƙosan bakin lambatu ko kallonta ba a yi ba. Rahoton tasirin muhalli da dokar 1992 ta wajabta, ajiye shi ake yi a ofis na kwana 21 wai jama'a su duba, tulin takardu da Turancin injiniyoyi. Ina laifin a karanta shi a rediyo, a kai kwafin Hausa masallacin Juma'a?

Kuma in an yi ƙiyasi bana aka biya bayan shekara biyu, an cuci mutum. Buhun simintin da ake saya kusan dubu 5 a farkon 2023 ya haura dubu 10 a farkon 2024. Kuɗin ɗaki uku sai ya koma na ɗaki ɗaya ba rufi. An ga haka a Badia ta Gabas a Legas a watan Fabrairun 2013, unguwar da ke cikin shirin da Bankin Duniya ya ba rance: katafila ta fara shiga, dubban mutane suka kwana a titi, ɗan abin da aka ba su sai daga baya. Ba na so Gwaggo ta ga wannan ranar.

Sannan ruwan da za a kora, ina zai sauka? Kududdufan da suke shanye ruwan birni mun cike su mun yi shaguna, kowa ya ga yadda Kantin Kwari ya zama a daminar 2022. Rafin Jakara yana kwasar dattinmu, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su zube a dam ɗin Wasai, da ruwan ake bayin latas da kabejin da ke dawo mana kasuwa. Na ƙasan rafi ma mutane ne, a tambaye su.

Ga layin dogo na Kaduna da na Maraɗi na tafe, gonaki da gidaje da yawa za su ga jan fenti. Ku sani tun 1993 Bankin Duniya ke da kwamitin bincike mai zaman kansa, mutum biyu kacal da aikin bankin ya shafa sun isa su rubuta ƙorafi, da Hausa ma an yarda. A biya kafin a rusa, shi ke nan abin da muke nema.

Har tsamiyar ƙofar gidan sun shafa wa jan. A ƙarƙashinta na yi karatun allo, a nan ake zaman makoki da ɗaurin aure, da zafin Afrilu duk layin nan nan ake gudowa. Na lura ko an yi dashe bayan aiki sai a jera wasu 'yan itatuwan ado marasa inuwa, akuya ta cinye su kafin kaka. Don Allah wanda ya san inda ake samun dashen tsamiya ko maɗaci mai ɗan girma a cikin gari ya yi mini magana, ina so in sa biyu a bayan gida tun damina ba ta wuce ba.