Mai Gadin Aljihun Alhaji

Mai shayi ya miƙa hannu yana jiran kuɗinsa, hannun Alhaji kuwa ya doshi aljihu, ya tsaya cak a bakinsa kamar baƙon da ba a amsa wa sallama ba.

Likita: Alhaji, abin da ke faruwa da hannunka sananne ne. A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai gungun ƙwayoyin jijiya da ake kira basal gangiliya, wanda kullum yake danne motsin jiki, sai motsin da ya yi rinjaye kaɗai ake ɗage wa takunkumi.

Alhaji: Ashe masana sun san da zamana. Ci gaba, ina saurarenka.

Likita: Hanyoyi biyu ne ke ja-in-ja a wurin, ɗaya tana cewa a tafi, ɗaya tana cewa a dakata, sinadarin dofamin kuma yana ƙarfafa ta farko, yana sassauta ta biyu. Shi ya sa idan ƙwayoyin da ke samar da shi suka mutu, kamar a cutar da James Parkinson ya bayyana a 1817, fara motsi kan zame wa mutum aiki.

Mai shayi: To, a rubuta masa magani, Likita, domin naira dubu ce kacal nake binsa.

Likita: Ba wannan cutar ke damunsa ba, tun da ɗazu da ka ajiye ƙwai hannun nan bai nemi shawarar kowa ba.

Alhaji ya gyara zaman hularsa, wadda ita ma mai ɗinkinta yana nan yana jira tun Sallar bara.

Alhaji: Wannan shaida ce ta lafiyar kaina. Hanyar dakatawa tawa ba irin ta gama-gari ba ce, gadonta na yi, domin kakana ya taɓa yini guda a kasuwa yana taya akuya, har mai ita ya gaji ya ba shi kyauta.

Likita: Akwai kuma wani ɗan sashe, sabtalamik, wanda ke taka wa komai birki idan zaɓi biyu suka yi kunnen doki, har sai an tantance.

Alhaji: Madalla, shi ne ke aiki yanzu, domin ina tsakanin in ba shi a hannu ko in tura masa ta waya, ga shi kuma tun safe babu sabis, ko da yake cire wa mutum kuɗin caji ba ya taɓa rasa sabis. Mai shayi, ƙaro mini kofi ɗaya kafin ƙwaƙwalwar ta yanke hukunci.

Mai shayi ya ɗauki buta, ya dubi Likita, sannan ya mayar da ita kan wuta.

Mai shayi: Alhaji, ka yi haƙuri, nawa sabtalamik ɗin ma ya taka birki.