Annabcin Taya: Ezekiyel ya riga masu gardama magana

Duk lokacin da gardama ta kaure kan ko annabce-annabcen Littafi Mai Tsarki sun cika ko sun faɗi, sai an jawo birnin Taya cikin zancen. Masu karewa na kawo shi a matsayin hujjar da ba ta da makusa, masu suka kuma na cewa nan aka kama ƙarya dumu-dumu. A ganina dukansu sun yi gaggawa, domin sun tsaya a babi na 26 na littafin Ezekiyel, alhali maganar ba ta ƙare ba sai a babi na 29.

Wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, Annabi Ezekiyel yana zaman bauta a Babila, ya ce Sarki Nebukadnezzar na Babila zai auka wa Taya ya rushe garunta, a zuba duwatsunta da katakonta cikin teku, ta koma falalen dutse, wurin shanya tarun masunta, kuma ba za a ƙara gina ta ba. Taya a lokacin babbar kasuwar Finikiyawa ce, mutanen gaɓar tekun Lebanon ta yau. Akwai gari a gaɓar teku, amma ainihin birnin yana kan tsibiri, tazarar da ba ta kai kilomita ɗaya ba.

Nebukadnezzar ya zo kuwa. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ruwaito cewa shekara 13 aka yi ana yi wa birnin ƙawanya. A ƙarshe Taya ta bi Babila, amma tsibirin bai rushe ba.

Nan masu karewa ke kawo Iskandari Mai Girma. A shekara ta 332 kafin haihuwar Almasihu ya kwashe ɓaraguzan tsohon garin gaɓa ya zuba a teku, ya yi hanya har tsibirin, ya ci birnin bayan wata bakwai. Suna cewa ai annabin ya ambaci al'ummai da yawa da za su zo kamar raƙuman ruwa, ba Nebukadnezzar kaɗai ba. Gaskiya hoton duwatsu cikin ruwa ya yi kama da abin da ya faru har mutum ya jinjina kai, kuma wanda ya ƙi yarda da wannan kamannin taurin kai ne kawai.

To amma an sake gina Taya. Littafin Ayyukan Manzanni ma ya ce Bulus ya sauka a can ya yi kwana bakwai da masu bi. Yau sunanta Sur, tana kudancin Lebanon, cike da jama'a, kuma UNESCO ta sanya kangayenta cikin wuraren tarihin duniya a 1984. Idan ka faɗi haka sai a ce maka ai darajarta ake nufi ba gininta ba, ko kuma garin gaɓa ake nufi ba tsibirin ba. A nan na raba gari da su. Annabcin da ake ja kamar roba har ya dace da duk abin da ya faru ya daina zama hujja ga wanda bai riga ya ba da gaskiya ba.

Masu suka su ma kada su yi saurin buga ganga. Kimanin shekara 15 bayan maganar farko, Ezekiyel da bakinsa ya ce a babi na 29 rundunar Nebukadnezzar ta sha wahala a Taya har kawuna suka yi sanƙo, kafaɗu suka saluɓe, amma ba su samu ladan komai daga gare ta ba, don haka za a ba shi Masar a madadi. Wato abin da mai suka ke taƙama ya bankaɗo, littafin ya riga shi faɗa. Waɗanda suka adana rubutun suna da damar goge ɗaya daga cikin babukan biyu, suka bar su kusa da juna. Wannan ya nuna ba su ɗauki annabci a matsayin kalandar gobe ba. Irmiya 18 ya ce hukuncin da aka yanke wa al'umma na iya sauyawa idan ta sauya hali, labarin Yunusa da mutanen Nineba ma haka ya nuna.

Sai dai wannan bai kashe maganar ba. Babu inda aka ce Taya ta tuba. Maimaitawar Shari'a 18:22 kuma ta kafa ma'auni mai tsauri: abin da annabi ya faɗa, in bai auku ba, ba daga Ubangiji yake ba. Masar ɗin ma an ce za ta zama kufai shekara 40, alhali Herodotus, marubucin tarihin Girka, ya bayyana mulkin Fir'auna Amasis na wancan zamanin a matsayin lokacin wadata. Mai ba da gaskiya ya fi samun mutunci idan ya ce wannan wuri yana da wuya, da ya ƙirƙiro cikar dole.

Abin da ya sa na damu shi ne dabarar jan roba ba ta tsaya ga tsofaffin littattafai ba. Kowace sabuwar shekara wasu fastoci a Najeriya na fitar da annabce-annabce kan zaɓe da manyan mutane, wanda ya dace a yaɗa shi, wanda ya kuskure a ce addu'a ce ta kawar da shi. A Amurka, wani mai wa'azin rediyo, Harold Camping, ya sa ranar 21 ga Mayu, 2011 a matsayin ranar hukunci. Da gari ya waye lafiya sai ya ce ai ya faru a ruhaniyance, ya ɗaga ƙarshen duniya zuwa 21 ga Oktoba. Sai a 2012 ya fito ya amince cewa kuskure ya yi, bayan wasu mabiyansa sun riga sun ƙarar da ajiyarsu wajen yaɗa sanarwar.