Sanyin da bargo ba ya maganinsa

Kusan kullum da asuba sai na tarar da saƙon Mama a waya. Wata rana muryarta ce tana sa mini albarka, wata rana kuma bidiyon da aka turo mata ne daga rukunin Zumuntar Mata na cocinmu: girgizar ƙasa a Turkiyya, yaƙi a Gaza, ko wani mai wa'azi yana zufa yana cewa lambar NIN ce share fagen 666, lambar dabbar ƙarshen zamani da ke cikin Wahayin Yahaya. A ƙarƙashi takan rubuta, "Ɗiyata, ki zauna a faɗake, kwanakin ƙarshe ne." A cikin bas nake karantawa, ina dawowa daga dutin dare a gidan kula da tsofaffi a nan Coventry ta Ingila, idanuna kamar an watsa musu barkono. In amsa da "Amin Mama", in mayar da wayar aljihu.

Ba na yi mata gardama, don ni ma na gaskata Ubangiji zai dawo. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. A Matiyu sura 24, da almajirai suka tambayi Yesu alamun zuwansa a kan Dutsen Zaitun, ya ambaci yaƙe-yaƙe, yunwa, girgizar ƙasa da annabawan ƙarya. Babu ɗaya cikinsu da ni ko Mama za mu iya tarewa. Amma a aya ta 12 ya ce saboda yaɗuwar mugunta, ƙaunar mutane da yawa za ta yi sanyi. Wannan alamar ce kaɗai ke faruwa a cikin ƙirjinmu, kuma ita ce ban taɓa ganin an turo bidiyonta ba.

Kafin NIN an ce BVN ce, an kuma ce allurar korona ce. Mu da muka yi wayo kafin shekara ta 2000 mun tuna daren 31 ga Disamba 1999. A coci muka kwana, ana cewa kwamfutocin duniya za su rikice da ƙarfe sha biyu, ƙila ma a ji ƙaho. Gari ya waye lafiya, muka koma gida muka ci shinkafar sabuwar shekara. Sai bayan mako bakwai, cikin Fabrairu, tamu duniyar ta tashi, lokacin rikicin shari'a a Kaduna. A Tudun Wada muke zaune a lokacin. Muka kwana uku a bariki, daga nan muka haye gada zuwa Sabon Tasha da abin da ya rage mana. Da na 2002 ya biyo baya, sai garin ya gama rabuwa, kogi a tsakiya, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa.

Akwai wata Hajiya da gidanta ke kallon namu. Ranar babbar sallah ni ake aika in karɓo naman layya, ranar Kirsimeti kuma ɗanta ne ke zuwa da kwano. Ita ta fara yi mini kitso. Ba ta yi mana komai ba, mu ma ba mu yi mata ba. Tun da muka haye gadar nan dai ba mu ƙara sa ta a ido ba, kuma ban taɓa jin an ambaci sunanta a addu'ar gidanmu ba.

Kada wani ya ɗauka ina raina ɗumin gida ne. Na san shi, na sha shi. Da Baba ya rasu, kafin a fitar da gawarsa daga asibiti matan zumunta sun riga sun cika tsakar gida. Wata da itace, wata da mudun masara, wata da tulunta na kiɗa. Kwana uku suna waƙa suna girki, ba wanda ya kira su, ba wanda ya biya su. Idan ba a gan ki a addu'ar safe sau biyu ba, kafin azahar wata Mama ta yi sallama a ƙofarki: "Lafiya dai? Ko jikin ne?" A lokacin sa ido nake ɗaukarsa. Yanzu da na rasa mai sa mini idon, na san darajarsa.

Sai dai ɗumin nan yana da iyaka, iyakarsa kuwa gada ce. Na sha zama a taron addu'a inda aka fi ɗaga murya a wurin roƙon wuta ta sauka a kan maƙiya, aka kuma yi ƙasa da murya da aka zo wurin gafara. Ban isa in ga laifin kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wadda ke kwana a Ingila ba ta da bakin yi wa wanda ya binne 'ya'yansa a kudancin Kaduna ko Filato wa'azin haƙuri. Amma gaskiya ɗaya ce. Muguntar da Yesu ya ambata ba lallai ta hana mutum zuwa sujada ba. Takan bar shi ya cika coci, ya ba da zakka, ya yi azumi, ta dai rage masa yawan mutanen da yake iya ƙauna. Da farko maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba ne zai fita. Daga baya sai ka ga zaɓen dattawan ikkilisiya ya koma ƙidayar wane yare ne ya fi yawa a kan benci. Ikkilisiyar Afisa da aka rubuta wa wasiƙa a Wahayin Yahaya sura 2 ba malalaciya ba ce. An yaba mata aikinta da jimirinta, an yaba yadda take gane manzannin ƙarya. Laifinta ɗaya, ta bar ƙaunarta ta fari. Duk lokacin da na karanta wurin, cocinmu nake gani ranar Lahadi, ba masaka tsinke.

Na iso Ingila a 2022 da bizar aikin kula da tsofaffi, da tunanin na zo ƙasar da ta aiko mana da bishara. Ai daga nan Likita Walter Miller ya tashi ya je Zariya, har aka kafa Wusasa, kuma da hannunsa a cikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Abin da na tarar ya kashe mini jiki. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 46 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 kashi 59 ne. Sama da kashi 37 sun ce ba su da addini. Ka ga gini da hasumiya da tagogi masu launi, ka matsa kusa ka tarar an mayar da shi gidajen haya ko wurin cin abinci. Cocin da ke kusa da ni, idan mun kai talatin ranar Lahadi an yi taro, yawanci kuma masu furfura ne. Awa ɗaya an tashi, a sha shayi da biskit, kowa ya kama gabansa.

Na yi ta kiran Mama ina ba ta labari, muna jinjina kai tare, muna cewa lalle ƙaunar Turawa ta yi sanyi. Ban lura da tawa ba.

Ga yadda abin ya faru. Ba wanda ya tsare ni a hanya ya tambaye ni addinina. Kawai dai dutin Lahadi ya fi kuɗi a wurin aikina. Ga haya, ga kuɗin wuta da gas da suka yi tashin gwauron zabi a wannan hunturun, ga kuɗin makarantar ƙannena, ga maganin hawan jinin Mama. Na karɓi Lahadi ɗaya, na karɓi ta biyu. Kafin in farga na yi wata biyar ban taka coci ba, kuma babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata. Wata 'yar'uwa daga Filato da muka zo kusan lokaci ɗaya ta kwanta rashin lafiya mako biyu, ita kaɗai a ɗaki. Tsakanina da ita minti ashirin a bas. Abin da na aika mata shi ne hoton hannuwa biyu a haɗe a WhatsApp. Da a Sabon Tasha na yi haka, da Mama ta kasa ɗaga kai a zumunta.

Shi ya sa nake ganin sanyin nan ya fi na gida haɗari. Na gida yana zuwa da hayaƙi da kuka, mutum ya san an taɓa shi, ya san akwai abin da zai yi kokawa da shi a gaban Allah. Na nan kuwa da uzuri mai kyau yake zuwa. Wa zai ce neman kuɗin maganin uwa zunubi ne? Haka za ki yi ta daskarewa kina ganin kanki mai hidima. A wurin aikina akwai tsofaffin da daga Kirsimeti sai wata Kirsimeti suke ganin nasu, wasu ma ko hakan babu. 'Ya'yansu ba mugaye ba ne, aiki ne ya yi musu yawa, irin nawa. Ƙasar da sai da gwamnatinta ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a 2018, ita ce mu ma muke koyon halinta da saurin da ba mu zata ba.

Cocin 'yan Najeriya da ke nan ba su da matsalar kujeru wofi. Akwai kiɗa, akwai kwanan addu'a, har da shinkafa bayan an tashi. Amma saurari abin da muke roƙo: takardar zama, sabon mai ɗaukar nauyin biza, gidan kanmu. Ba laifi ba ne, ni ma ina roƙo. Sai dai mu ya mu ne, Baturen da ke maƙwabtaka da ginin bai san mu da komai ba sai ƙara da cushe hanya da motoci. Mun haye teku mun sake gina Sabon Tasha.

Dole kuma in janye rabin hukuncin da na yanke wa Turawan nan. Tsofaffin cocin da na raina, su ne ke buɗe zauren kowane mako suna raba abinci kyauta ga duk wanda ya zo, ɗan Siriya ne ko ɗan Sudan ko Baturen da giya ta kayar, ba a tambayar addininsa. Ɗaya daga cikinsu, mai shekara tamanin da wani abu, ta ga rigar da nake fama da ita a hunturun farko, mako na gaba sai ga ta da babbar rigar sanyi a leda. Ta ajiye a gefena ba ta ce uffan ba. A gida da sai an sanar a gaban jama'a, an faɗi suna, an tafa. Wutarsu garwashi ce a ƙarƙashin toka, tamu kuwa wani lokaci ta kara ce, ga haske ga ƙara, amma ba ta dafa wake.

Abin da ya fi girgiza ni a garin nan kango ne. A daren 14 ga Nuwamba 1940 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa Coventry ruwan bama-bamai, sama da mutum 500 suka mutu, babban cocin garin ya ƙone, sai bango da hasumiya. Ba su rushe kangon ba, sun gina sabo a gefensa, aka buɗe a 1962. Shugaban cocin na lokacin, Richard Howard, ya sa aka rubuta kalmomi biyu a bangon bayan bagade, ma'anarsu "Ya Uba, ka gafarta". A Luka 23:34 cewa aka yi a gafarta musu. Shi da gangan ya bar "musu" ɗin, don kada mai karantawa ya tsame kansa daga masu bukatar gafara. Daga ƙusoshin rufin da ya ƙone aka haɗa gicciye, bayan yaƙi aka aika irinsa zuwa biranen Jamus, har da Dresden da jiragen Ingila da Amurka suka ƙone. Har yau duk Juma'a da tsakar rana ana addu'ar sulhu a cikin kangon.

Na tsaya a wurin ina tunanin kangayen da na sani a gida. Mu ma muna da irin mutanen nan, ba mu dai iya riƙe labarinsu ba ne. 'Yan cocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, waɗanda yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a 2014 nasu ne, waɗanda aka kora daga hedikwatarsu a Kwarhi a shekarar, ba su sauka daga koyarwarsu ta ƙin ramuwa ba. A Yunin 2018 kuma, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye sama da mutum 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Ban san sau nawa aka turo wa matan zumunta labarinsa ba, amma na san sau nawa aka turo na 666.

Manzo Bitrus ya rubuta cewa ƙarshen abubuwa duka ya kusa. Na zaci abin da zai biyo baya lissafin kwanaki ne. A'a, cewa ya yi a natsu a yi addu'a, a ƙaunaci juna ƙwarai, a karɓi baƙi ba tare da gunaguni ba. Wato tukunya da buɗaɗɗiyar ƙofa. Na kuma gane cewa shekara da shekaru da man Mama fitilata ke ci. Ita ke tashe ni addu'ar safe, matan zumunta ke tura ni gaisuwa. Da aka raba ni da su sai ga lagwani a bushe, kamar budurwai biyar ɗin nan na misalin Yesu da suka nemi aron mai da tsakar dare aka ce ba zai ishe mu da ku ba. Yanzu na daina karɓar dutin Lahadi fiye da ɗaya a wata, albashin ya ragu, na ji a jikina. Ranar da nake hutu nakan dafa fate da yawa in kira duk wanda ke kusa. 'Yar'uwar nan ta Filato ta yafe mini, ko da yake sai da ta faɗa mini magana son ranta tukuna.

Watan jiya na tambayi Mama ko Hajiyarmu ta Tudun Wada tana da rai. Ta yi shiru har na zaci layin ne ya yanke. Can ta ce ta ji an ce tana Rigasa wurin ɗanta, idonta ya yi rauni. Na ce, "Mama, da kin je kin gaishe ta." Ta ce kuɗin Keke Napep ya yi tsada yanzu. Na tura mata kuɗin a daren. Har yau ba ta je ba, amma ba ta ce ba za ta je ba, ta ma tambaye ni ko turare ya kamata ta riƙa mata ko atamfa. Washegari da asuba sai ga wani bidiyon ya shigo, wannan karon a kan jan wata.