Ba siminti kaɗai ke kayar da bene ba

Duk sanda aka nuno bene ya rushe a girgizar ƙasa maganar mutanenmu ɗaya ce, an ci kuɗin siminti, an rage rodi. Eh akwai wannan kam, amma ni abin da ke damuna ba mai tambayar wace irin ƙasa aka dasa ginin a kai, alhali ita ke fara karɓar girgizar ta miƙa wa fandisho, shi kuma ya miƙa wa bango.

Ku dubi birnin Meziko ranar 19 ga Satumba 1985. Can bakin teku girgizar ta taso, sama da kilomita 300 daga birnin, amma tsakiyar birnin ne ya fi jin jiki saboda a kan busasshen tafkin Texcoco aka gina shi, ƙarƙashinsa duk laka ce mai taushi. Lakar nan ta dinga kai da komo a hankali, kusan daƙiƙa 2 kowane zuwa da dawowa, sai aka yi rashin sa'a benaye masu hawa 6 zuwa 15 su ma haka nasu rangajin yake, kamar ka ɗora yaro a lilo kana tura shi daidai lokacin da ya dawo, kowane turi sai ya ƙara nisa har igiya ta tsinke. Ƙananan tsofaffin gidaje da yawa a gefensu suna nan tsaye, unguwannin kan dutse kuwa ɓarnarsu ba ta kai ko kusa ba.

A Niigata ta Japan a 1964 yashi ne mai jiƙe da ruwa ya koma kamar kunu, benaye suka kishingiɗa sukutum ba su ma farfashe ba. Ginin lafiyarsa ƙalau, ƙasar ce ta sake shi.

Na san za a ce ai mu ba ma cikin yankin manyan girgiza, gaskiya ne, amma fa ƙasa ta motsa a Mpape ta Abuja a 2018, Akara ta Ghana kuma ta sha tata a 1939 har da asarar rayuka. Mu kuwa kududdufi ake cikewa da shara da ɓaraguzai, bayan damina biyu ka ga an yanka fuloti an tayar da bene hawa 4, injiniya ya ce a haƙa a gwada ƙasar tukuna, mai gida ya ce kuɗin gwajin gara ya ƙara bulo da su. Wallahi duk hukumar da ke sa hannu a takardar izinin bene ba ta ga sakamakon gwajin ƙasa ba, da hannunta a duk abin da ya biyo baya.