Yadda na gaida Yaya Babba daga cikin suwaita

Kunnena na hagu har yanzu zugi yake, kuma duk wadda ta ƙara kirana don kawai ta yi dariya ta kashe waya wallahi blokin zan yi mata, na faɗa.

Kun dai san na shiga harkar kaɗi, na samo mazari da gashin tumaki wanda aka riga aka wanke aka taje, na zauna gaban YouTube ina murzawa yana faɗuwa ina ɗauka har hannuna ya faɗa. Zare ya taru ya haura giram 400, na ce to wannan ai suwaita guda ce, na saƙa gaba na saƙa baya na yi hannuwa na haɗe, saura wuya kawai.

To a nan Anti ta shigo labarin, ba sai na ce wace Anti ba. Tsinken saƙata mai milimita 5, wanda ke da igiya a tsakani ake zagayawa da shi, shi ta zo ta ara wai za ta gwada wani abu ta dawo min da shi gobe. Matar da kwarashi kaɗai ta iya fa, wadda kullum sai ta ce saƙa da tsinke biyu aikin marasa abin yi ne. Me za ta yi da shi? Oho. Goben nan har yau ba ta zo ba. Shi kuwa layin ƙarshe da ake rufe saƙa da shi ba ya miƙewa kamar sauran jikin rigar, shi ya sa ake rufewa sakwa-sakwa ko a canza tsinke mai kauri. Mai kaurin yana jakar Anti, mai milimita 3 ne a hannuna, da shi na rufe. Kan babban mutum kewayensa yana kai santimita 55 zuwa 58, wuyan rigata kuwa in kin ja shi iya ƙarfinki da kyar ya wuce 45. Wannan lissafin duk daga baya aka yi min shi da tef, a gaban jama'a.

Ranar ƙannen Baban yara sun cika falo, na fito da ita a ninke don a gani kawai a yaba. Sai Anti ta ce haba, ai riga a jiki ake ganinta, ki saka mana. Na zura hannuwa biyu na ɗaga sama na tura kai. Ya shiga har goshi ya tsaya. Na ce a ɗan ja min, wata ta kama ƙasan rigar ta finciko, wuyan ya wuce gira ya zo ya zauna daram a kan karan hancina, ɗan kunnena ya saƙale a zare, hannuwana kuma suna can sama a maƙale ba sa saukowa. Ba gaba ba baya. Ba na ganin komai sai ɗan haske ta ramukan saƙa, gashi ya cika min baki, ga shi ulu in ya ji ɗumi da zufa warin tunkiya yake tasowa saboda maiƙon da ya rage a jikinsa, ga ƙaiƙayi. Ɗaya na ja sama ɗaya na ja ƙasa, ina ihun kunnena kunnena su kuma ji suke ina cewa ku ƙara.

Sai sallama. Muryar Yaya Babba.

Falo ya yi tsit, na ji hannuwan da ke riƙe da ni duk sun sake ni, kowa ta koma ta zauna ta bar ni tsaye tsakiyar ɗaki kamar mutum-mutumin korar tsuntsaye. Gudu ba zai yiwu ba tunda ban san ina ƙofa take ba. Mutumin da ko haɗa ido ban taɓa yi da shi ba tunda na shigo gidan nan. Me zan yi? Na durƙusa haka nan da hannuwana a sama na ce Yaya ina wuni. Ashe ma bango nake fuskanta, shi yana bayana.

Ya yi shiru can ya ce lafiya lau, wace ce? Auta ya ce Mama ce, ta maƙale. Wai sai ya ce to madalla. Madalla fa! Kuma kun san shi ba ya yanke gaisuwa ko gobara ake, ya gida, ya yara, ya ƙoƙari, ina amsawa ɗaya bayan ɗaya da ulu a bakina, har ya zo kan ya sanyi. Zufa na bin bayana na ce lokacinsa ne Yaya. A nan na ji wata ta shaƙe da dariya ta fita da gudu, kuma na gane takunki, kar ki ɗauka ban sani ba. Baban yara shi tari ya ƙirƙiro, tarin da ban taɓa jin irinsa ba. Yaya ya nemi kujera ya zauna abinsa ya fara ba da shawara cikin natsuwa, wai a shafa min sabulu a fuska yadda ake cire zobe in ya matse. Ina durƙushe har lokacin don ba wanda ya ce in tashi.

Da kyar aka ɓalle ɗan kunnen aka danna kaina ya fito, na buɗe ido na ga kowa ya karkata kai yana kallona. Ɗinkin gefen rigar ya bar gefe ya murɗo yana neman cibiyata, adon da na yi a ƙirji ya tafi hammata. Nan Anti ta gyara zama. Wai ai zare tilo na saƙa da shi, kuma murɗin ya yi yawa, shi zaren da aka kaɗa ta ɓangare ɗaya kullum neman warwarewa yake sai ya ja saƙar ta karkace. Wai sai an haɗa biyu a murɗa su ta ɗaya ɓangaren, in ta dama aka kaɗa a haɗe su ta hagu, ƙarfin ya kashe juna. Har da zana Z da S a iska tana nuna wa Yaya yadda murɗin yake kwanciya, shi kuma yana gyaɗa kai yana ikon Allah. A wayata fa ta kalli bidiyon nan, da datata, ranar da ta zo aron tsinken. Ta gani ta sani ta ga zarena a kwando ta yi shiru ta ɗauki tsinke ta tafi. Wannan ita ce matar da ta riƙe min almakashin yadi har sai da ya dakushe, ta dawo da shi tana cewa dama can ba ya ci.

Cirewa kuma ta gagara, sai da aka sa almakashi, ita ta yanka, maimakon ta tsinke zare ɗaya a layin rufewa sai ta zarce har kafaɗa, saƙa ta fara zubewa layi-layi. Yaya da zai tafi ya ce Allah ya ƙara basira.

Rigar tana cikin leda a saman wadrof. Wasu sun ce in warware in haɗa zaren bibbiyu, amma in na yi haka tsawonsa rabi zai koma, sai dai hula da safa. Jiya kuma Anti ta aiko yaro wai in ba ta aron mazari.