Mujiya a aljihun wando

Mijin Yaya ne ya ja ni, kun dai san shi da wannan sabuwar jarabar tasa ta kallon tsuntsaye. Wai bazara ta shigo, tsuntsaye masu ƙaura sun dawo, kuma da sassafe mazan ke rera kuka don tsare yankinsu da jawo mata. Ƙarfe 6 muna cikin wani gandun daji tare da wasu masu rataye da madubin hangen nesa, kowa na raɗa kamar a ɗakin mara lafiya.

A hanya ya saka min wata manhaja a waya, wadda in ta ji kukan tsuntsu sai ta faɗi sunansa. Bai ce min ita ma tana iya yin kukan ba. Ku riƙe wannan, don har yau cewa yake ba ruwansa.

Muka tsaya gindin wani busasshen itace muna jiran maƙwaƙƙwafi ya soma buga bakinsa. Matar da ke mana jagora ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Na cusa waya a aljihu. Sai mujiya ta yi kuka.

Jama'a, mujiya bayan gari ya waye! Kowa ya ɗaga madubi sama ana lalube a rassa. Ni ma na ɗaga kai, har da nuna wani reshe da yatsa, na ce, "Kamar ga ta can." Wata baiwar Allah ta matso ta bi yatsana da kallo. Ƙananan tsuntsaye kuwa suka kaure da ihu, don haka suke taruwa su yi wa mujiya ca in sun ji ta. Kuka na biyu ne na ji cinyata tana rawa. Madubai suka fara saukowa a hankali, daga reshe zuwa kututture, daga kututture zuwa wandona. Abin nan sau 8 yake ƙara girman abu. Yatsana kuma yana nan a sama, na rasa yadda zan sauke shi.

Amma wanda ya fi ƙona min rai wani dattijo ne mai ɗan littafi. Ashe har ya rubuta "mujiya, 6:40". Ya zo gabana ya soke ta, layi biyu, yana kallona. Ya ce, "Yaro, in ka kunna wa tsuntsu kuka a lokacin sheƙa, barin ƙwai yake ya fito neman faɗa." Na ce, "To, Baba." Wannan Baban fa, tun daga ƙofa yake tari, rigarsa tana ƙara duk taku, kuma shi ya taka busasshen reshe ya kori zalɓe a bakin tafki. Wa ya yi masa wa'azi? Ko kallonsa ba a yi ba.

Maƙwaƙƙwafin dai bai zo ba. Mijin Yaya ya koma can baya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Jiya ya kira wai Asabar akwai wata fitar, in zo masa da cajarsa.